Ɗakin Laraba na Malam Haruna

Shekara tara ke nan da aka fita da Malam daga gidanmu na Kurayyat a kan kafaɗun mutane. Gidan ma yanzu babu shi, unguwar ta watse, ni kuma ina zaune a hawa na uku a unguwar Safa ta Jidda, kusa da ɗana, inda in na leƙa taga ba na ganin kowa sai motoci. Ban iya rubutu ba. Karatuna bai wuce abin da zan yi salla da shi ba. Maƙwabciyata Binta, 'yar Zariya da aure ya kawo ta Jidda, ita ke riƙe da biro ina faɗa mata. Sunan da kuka gani a sama ita ta sa shi da hannunta, domin ni duk zaman da muka yi ban taɓa furta shi ba, ba kuwa yanzu da na tsufa zan fara ba.

Ina da 'ya'ya, ina da jikoki, kuma duk sun yi karatu. Akwai mai rubuta Larabci kamar zane, akwai mai Turanci kamar a bakinsa aka ƙirƙire shi. Amma da na so a rubuta min tunawa da kakansu da harshen da ya yi min magana da shi har ya koma ga Allah, sai da na ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabta. Wannan ita ce maganar da zan yi yau, kuma ita ce ta cinye shekarun Malam na ƙarshe.

Ni da Malam duka biyun a unguwar Ruwais ta nan Jidda aka haife mu. Kakan Malam da ƙafa ya taso daga ƙasar Hausa don aikin hajji, ya yi noma a Sudan, ya yi dako, ya tsallako teku, bai koma ba. Mun tashi muna jin warin kifi da gishirin teku, a waje mu yi Larabci, in mun shigo gida mu yi Hausa. Ba wanda ya koya mana hakan, haka muka tarar. Malam ya yi karatun Larabci mai zurfi, har Allah ya ba shi aikin koyarwa a wata makaranta da Indiyawa suka kafa don 'ya'yansu. Yawancin yaran nasu ne, amma akwai 'ya'yan Larabawa kaɗan, da na mutanenmu waɗanda iyayensu ke son su samu Turanci. Cikinsu har da jikarmu Ruƙayya, 'yar ɗanmu na fari. Ɗan namu sunan mahaifin Malam ya ci, shi ya sa muke ce masa Abba.

Wata rana Malam ya dawo, ina zuba masa abinci, ya ce, "Yau na ga Indiyawa sun yi faɗa a tsakaninsu, kuma wallahi faɗan ya burge ni."

Abin da ya faru shi ne, masu makarantar sun yanke shawarar sauya karatun gaba ɗaya. Za a ajiye tsarin da suka zo da shi daga Indiya, a ɗauko wani na ƙasashen duniya, wanda daga waje ake aiko da jarrabawarsa, kuma duk jami'ar da yaro ya nufa a duniya za ta karɓe shi. Babu uban da ya ƙi wannan. Matsalar ita ce sabon karatun ya cika mako dam, babu wurin darussan harsunansu na gida, su Urdu da Tamil da wasu da ban riƙe sunansu ba. Aka ce za a cire su. Malam ya ce a tsakiyar taron wata tsohuwa ta miƙe, kakar wani yaro ce, ko gabatar da ita ba a yi ba. Ta dubi shugabar makarantar, wadda kowa ke kira Mudira, ta ce, "Ku koya masa duk abin da za ku koya masa, ya je ya zama likita a inda ya so. Amma ran da na kwanta ciwo, da wane baki zai tambaye ni inda ke min ciwo?"

Malam ya maimaita min wannan magana a ranar, ya maimaita washegari, har na ce masa ko tsohuwar nan zai ƙaro min ne. Ya yi dariya ya ce ai ta fi ni iya faɗa, ba zai iya da mu biyu ba.

A ƙarshe suka yi sulhu. Sabon karatu ya shigo da duk nauyinsa, amma aka ware sa'a ta ƙarshe ta ranar Laraba, domin a lokacin Alhamis da Juma'a ake hutu. Suka sa mata suna sa'ar gida. Kowane harshe aka ba shi ɗaki. Ba malaman makaranta ke koyarwa ba, tsofaffi ake kawowa daga gidaje. Babu jarrabawa, babu bulala, babu kujera.

Na je na gani da idona sau ɗaya, Malam ya kai ni. Takalma tuli guda a bakin kowace ƙofa. Ƙamshin man kwakwa da furen yasmin da kayan yaji ya cika barandar. A wani ɗaki wata tsohuwa na nuna wa 'yan mata yadda ake naɗa dogon zanen nan nasu, suna ta kuskure suna dariya. A wani ɗakin yara sun jeru a ƙasa suna cin shinkafa da hannu a kan ganyen ayaba, wani dattijo yana bin su yana gyara musu zama. A wani kuma waƙa ake yi, wadda ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na san ta renon jariri ce. Yaran nan da safe sun yi lissafi da Turancin da iyayensu ma ba su iya ba, ga su da rana sun koma jikokin kakanninsu. Na tsaya a barandar nan ina kallo, wani abu ya ɗarsu a raina, ban san sunansa ba a lokacin.

Malam ya san sunansa. Ya je ya sami Mudira ya ce, mu ma muna da yara a nan, mu ma muna da harshe. Ya ce ko gardama ba ta yi ba, sai ma mamaki ta yi da ba ta taɓa sani ba, ta ɗauka duk Larabawa ne. Ta ce a taron iyaye mai zuwa za ta tambaya, in an samu yara ta ba shi ɗaki.

Na je taron, na zauna a ɓangaren mata kusa da matar Abba. Daga inda nake ina hango mazajenmu. Na san su ɗaya bayan ɗaya. Na san wanda uwarsa ke sayar da fura a Ruwais, na san wanda kakansa ya yi wa Abba kaciya, na san wanda aka yi sunansa da kalangu har 'yan sanda suka zo. Mudira ta kira harsuna ɗaya ɗaya, hannaye na tashi kamar ana rabon wani abu. Masu Tamil har da tafi. Sannan ta ce, "Masu yin Hausa a gida fa?"

Babu uban da ya ɗaga hannu. Wani ya duƙa yana gyara takalmi. Wani ya ciro waya yana dubawa. Abba ya kafe idonsa a kan bango. Ni dai na ɗaga hannuna, ko da yake ni kaka ce ba uwa ba, sai na ji matar Abba ta kama hannun abayata ta ja ƙasa a hankali, tana cewa, "Ya Ummi, don Allah." Mudira ta sake tambaya, ta dubi Malam, shi kuma yana tsaye a gefe da hannunsa ɗaya a sama, shi kaɗai a cikin maza. Ya daɗe bai sauke ba.

Ban taɓa jin Malam ya ɗaga wa Abba murya ba sai ranar. Da muka koma gida ya ce masa, "Kai ɗan wane ne? Faɗa min, don na ga kamar ka manta."

Abba ya ce, "Ya Abuya, halas, ya isa haka. Kai ka san abin da na sha a makaranta. Takruni, Takruni, sunan ba'ar da suke wa baƙaƙe irinmu, daga bakin ƙofa har aji. In na yi kuskure na ce maka sannu a gaban yara, mako guda suna kwaikwayona. Yanzu kana so a ware wa 'yata ɗaki, a rubuta mata shi a goshi?"

Malam ya ce, "Su 'ya'yan Indiyawa ba a yi musu ba'a ne? Ai har sun fi ku sha. Ka ga sun sauke hannu?"

Abba ya ce, "Ba'indiye yana da inda zai koma. Jirgi ɗaya zai hau ya sauka a ƙauyensu, a ce masa barka da zuwa. Ruƙayya ina za ta koma? Nan aka haife ta, nan aka haife ni, nan aka haife ka, amma har yau da iƙama, takardar zaman baƙo, muke yawo a aljihu, muna lallashin kafili mai tsaya mana. Ka bar ta ta saje, Abuya. Sajewa ita ce kaɗai gadon da zan iya bar mata."

Na jira in ji amsar Malam, domin ban taɓa ganin an ƙure shi a magana ba. Ya daɗe yana murza carbinsa, sannan ya ce, "'Yarka ce. Na yi maka alkawari ba zan kira ta ba, ko da ido. Amma ƙofata a buɗe za ta zauna. In ta shigo da ƙafarta, ba zan kore ta ba." Abba ya ce ya yarda. Ban ga laifin Abba ba a ranar, kuma har yau da nake faɗa ban ce ƙarya ya yi ba. Uba ne da ya ji ciwo, ba ya son 'yarsa ta ji irinsa.

Mudira ta ba Malam ɗaki duk da haka. Ƙarami ne, a gindin matakala, da taga ɗaya. Ta ce wataƙila kunyar taro ce, in sun ga ɗaki za su turo. Malam ya sa na nemo masa tabarma irin ta gida wurin wata Bakatsiniya da ke kawo kaya lokacin umara. Ya rataye faifai da ludayi a bango. Kowace Laraba nakan tashi in soya masa, ko in yi alkaki, in zuba a kwanon samira in ɗaure da ƙyalle. Ya tafi da shi da safe, ya dawo da shi da rana yadda ya tafi. Wani lokaci ya raba wa direbobin bakin ƙofa don kada in ga ya dawo da shi, amma nakan gane, domin ran da ya yi haka ba ya kallon idona.

Aka yi makonni a haka. Dattijo mai furfura, malamin da ya koyar da yara ba iyaka, yana zaune a kan tabarma shi kaɗai, yana jin waƙa da dariya daga ɗakunan wasu. Na ce masa ya haƙura mana, ya mayar musu da makullinsu. Ya ce, "In na rufe, gobe za a ce ba mu taɓa nema ba. Bari dai a ce mun nema ba mu zo ba."

Su Ruƙayya da sauran yaranmu suna ɗakin Larabawa, a saman matakalar. Yakan dawo ya ce min, "Yau amaryata ta wuce ta ƙofata." Haka yake kiranta tun tana jaririya, irin wasan kaka da jika. In ce, ta yi maka magana? Ya ce, "A'a, wucewa dai ta yi." Sai ya nemi ruwan alwala.

Daga baya Allah ya kawo masa ɗalibai ta inda bai zata ba. Ashe Indiya ƙasa ce mai harsuna kamar yashi, akwai yaran da babu mai jin nasu harshen a duk makarantar, ba su da ɗaki ba su da tsohuwa. Suna ta gararamba a baranda. Mudira ta tattaro su ta kawo wa Malam, ta ce, "Ustaz, ka riƙe min su kawai, kada su faɗo daga bene." Akwai wata yarinya Farzana, siririya mai tabarau, sa'ar Ruƙayya ce kuma ajinsu ɗaya, da wasu 'yan maza wa da ƙane, sai wasu da kan zo su tafi. Ranar kwanona ya dawo babu ko ɓurɓushi.

Malam bai iya riƙe yaro haka kawai ba. Abin da ya tanadar wa jikokinsa shi ya juye musu. Bai fara da sunan kofi da cokali ba. Ya ce Hausa daga gaisuwa take farawa, wanda ya iya gaisuwa ko bai san komai ba ya shiga gida. Ya koya musu cire takalmi, da sallama, da durƙusawa a gaban babba, ba a tsaye kamar mai bin hanya ba. Ya koya musu cewa ba a faɗin abin da ya kawo mutum sai an gama tambayar kwana, da gajiya, da gida, da yara, da aiki, kuma babba ne ke sallamar gaisuwa ba yaro ba. Ya koya musu ta safe daban, ta yamma daban, ta mara lafiya, ta mai jego, ta wanda ya dawo daga tafiya, da ta gidan mutuwa. Shi yakan zauna a matsayin mai gida, su fita su shigo ɗaya ɗaya. In yaro ya yi daidai, sai ya ja kalmar nan tasa, "Maadalla," yadda yake jan ta har ƙasa.

Ya ce Farzana ta fi su tambaya. Wata rana ta ce masa, "Ustaz, in mutum ya gaji da gaske fa, shi ma sai ya ce babu gajiya?" Ya ce mata e. Ta ce to ai ƙarya ce. Ya ce, "Ba ƙarya ba ce, 'yata. Kin tambaye shi, gajiyar ta ragu. Kafin ya gama amsawa ta zama gaskiya." Ta ce a ƙauyensu ma in an tambayi mutum ko ya ci abinci sai ya ce ya ci, ko da yunwa na kashe shi. Malam ya dawo gida yana murna kamar an ba shi kujerar Makka, wai ashe Indiyawa ma Hausawa ne, hanya ce ta ɓace musu.

Haka aka yi 'yan shekaru. Ko yaro ɗaya na mutanenmu bai taɓa taka tabarmar nan ba. Sai ciwon suga ya ci ƙarfin Malam, ya taɓa masa ƙoda, ya ajiye aiki. Ran da ya dawo da tabarmar a naɗe a hammatarsa, ya jingine ta a bayan ƙofa. Ruƙayya takan zo duba shi, ta sumbaci goshinsa, ta ce, "Salamtak, ya Sidi," wato sannu da jiki, kaka. Yarinya ce mai ladabi, tana son sa, shi ma ya sani. Ya amsa mata da Larabci mai daɗi, ya yi mata wasa. In ta fita sai ya juya fuska bango. Bai taɓa ce mata ta ce sannu ba. Alkawarin da ya yi wa ubanta a makaranta ya riƙe shi har a kan gadon ciwo.

Da ya rasu muka yi zaman makoki irin na nan, kujeru a jere, ana zagayawa da gahawa da dabino. Tsofaffin matan Ruwais suka zo, waɗanda suka rage. Su ba sa zama kujera, ƙasa suke zubewa. Sukan kama hannun jikokina su ce, "Ya haƙuri?" yaran su tsaya suna murmushin rashin sani, su waiwayo suna neman mai fassara. Ina ji ina gani, hawayen da nake yi ya zama iri biyu.

A rana ta biyu bayan la'asar, wata mata Ba'indiya ta shigo da 'yarta budurwa mai tabarau. Ban san su ba. Yarinyar ta tsaya a bakin ƙofa ta cire takalmi, ta yi sallama, ta ratsa kujerun nan duka ta zo gabana ta durƙusa har ƙasa. Ta ce, "Mama, ina wuni. Ya gajiya. Ya haƙurinmu. Allah ya jiƙan Malam, ya sa ya huta, ya ba mu haƙurin rashinsa." Harshenta na lanƙwasa kalmomin irin nasu, amma ko ɗaya ba ta tsallake ba, kuma ba ta tashi ba sai da na sallame ta. Wata tsohuwa daga cikin matan Ruwais ta ce, "La ilaha illallahu, wannan 'yar wace ce?" Na ce, ɗalibar Malam ce. Na san Farzana ce tun kafin ta faɗa. Na rungume ta na yi kukan da ban yi ba ran da aka fita da shi. Da na ɗago, na ga Ruƙayya tsaye da butar gahawa a hannu, tana kallon ƙasa.

Shekara tara ke nan. Nakan zauna in ce, da Malam zai leƙo yau, me zai ce? Makarantar ta bunƙasa, ta koma wani katafaren gini duk gilashi, yaranta na tafiya jami'o'in duniya. An ce har yanzu Indiyawa na yin sa'ar gidansu, sai dai ta koma Alhamis tun da aka sauya ranakun hutu. Ɗakin Hausa bai bi su sabon ginin ba, ba wanda ya nema. Su Farzana sun koma ƙasarsu, ban sake jin labarinta ba. Ruƙayya ta gama karatun nan na ƙasashen duniya, yanzu tana aikin haɗa magunguna a wani asibiti, ita ke duba min nawa ta ce wannan da safe wannan bayan abinci. Malam zai yi alfahari da wannan, domin bai taɓa ƙin sabon karatun ba. Cewa yake yi yaro na da hannu biyu, me zai sa a ce sai ya saki na dama kafin a ba shi abu a na hagu.

Zai kuma yi dariya in ya ga yadda Larabawa ke layi da manyan motoci wurin masu tsire, suna ce masa siriya, samari na ɗaukar hoto suna yaɗawa. Abba da kansa yakan kai abokan aikinsa, ya ce musu wannan abincin kakanninmu ne. Ina jin muryar Malam yana cewa, to, ciki ya yarda da mu, saura baki.

A watan jiya Ruƙayya ta yi arba'in ɗin jego, namiji ta haifa, aka sa masa sunan Malam. Ni Maigida nake ce masa. Suka zo gaishe ni ita da ubanta. Ina zaune a kan tabarmar nan ta Malam, domin duk ƙaurar da aka yi ban yarda an jefar da ita ba. Sai na ga ta tsaya a bakin ƙofa, ta miƙa wa Abba jaririn, ta cire takalmi. Ta yi sallama. Ta tako ta durƙusa a gabana.

"Kaka, ina kwana. Ina gajiya. Ya gida. Ya ƙarfin jiki." Sannan ta ce, "Ya haƙurinmu. Allah ya jiƙan Malam."

Ban san lokacin da na amsa ba. Da na ce mata lafiya lau, sai ta ce, "Maadalla," ta ja ta har ƙasa, yadda mutum ɗaya kaɗai na sani yake jan ta. Na ce, ke a ina kika samo wannan?

Da Larabci ta amsa, domin Hausarta iyakarta ke nan. Ta ce, "A kan matakala, Kaka. Kowace Laraba sai in ce zan je ban ɗaki, in zo in zauna a bayan ƙofarsa. Duk abin da ya koya wa su Farzana na haddace. Har ta mai jego na sani."

Na ce, to me ya hana ki shiga, ƙofa a buɗe?

Ta ce, "Jira nake ya kira ni. Nakan wuce ta gabansa da gangan don ya gan ni. Yana ganina sai ya kawar da kai. Na ɗauka fushi yake da ni don ina ɗakin Larabawa."

Ba ta san da alkawarin ba. Ba wanda ya taɓa faɗa mata, domin ba wanda ya san akwai abin faɗa. Shi yana ciki yana kawar da kai don kada idonsa ya karya alkawari, ita tana waje tana jiran idon. Katako ɗaya ne a tsakaninsu, shekara da shekaru. Na dubi Abba. Yana tsaye da jaririn a kafaɗa. Shi ya faɗa mata maganar alkawarin da kansa, ban taya shi ba. Da ya gama ya juyo gare ni, ya yi min magana da Hausar da na daɗe ban ji a bakinsa ba, ya ce, "Inna, ban san tana zuwa ba." Na ce na sani, ɗana. Malam ma bai san tana zama ba.

Wannan shi ne abin da ke hana ni sukuni, ba mutuwar ba. Mutuwa kowa zai yi. Amma ya tafi yana ganin ɗakinsa bai samu ko ɗaya daga cikin jininsa ba, alhali wadda ya buɗe shi dominta ba ta taɓa fashi ba.

In an ce in auna abin da ya rage na Malam, ba zan cika baki ba. Ɗakin ya tafi, gidan ya tafi, unguwar ta tafi. Jikokina sauran ba su san ina kwana ba. Ruƙayya ma in ta gama gaisuwa sai mu koma Larabci, domin Malam bai samu damar kai ta gaba da nan ba, ni kuma numfashina ya yi gajarta. Abin da ya rage shi ne wata mata a can ƙasar Indiya da ta san yadda ake shiga gidan mutuwar Bahaushe, da wata a nan Jidda da ke jan madalla irin ta kakanta. Kaɗan ne. Na sha raina shi, in na tuna tarin takalman da ke ƙofar ɗakunan wasu.

Amma yanzu Ruƙayya kan biyo ta nan in ta tashi aiki, kuma na lura ranar Laraba ta fi zuwa, ko da yake ba ta taɓa faɗin dalili ba. Takan kwantar da Maigida a kan tabarmar, ta duƙa a kansa ta ce masa, ina gajiya. Shi kuwa ya wuntsila ƙafa yana kallon silin. Ni ke amsa masa kafin ya yi baki. Kuma na ce wa Binta ta rubuta wannan da kyau, don duk mai jika a wata ƙasa ya ji: ni in na ji motsin yaro a bayan ƙofata, ba na jira ya shigo. Da sunansa nake kiransa, da ƙarfi, har maƙwabta su ji.

Allah ya haskaka kabarin Malam, ya isar masa da gaisuwar da ta makara shekara tara a hanya.